Daddawar Faransa

Duk wanda ya san ni a unguwarmu, da kasko ya san ni. Alkakina sai an yi layi, nakiyata kuwa ta sha shiga garar amare. Don haka da maigida ya ce Auta, ƙanwarsa, za ta zo hutu daga Ingila, ko kai ban ɗaga ba. Na ce ya ajiye kuɗin zuma da man shanu.

Sai ya sosa ƙeya. "Ai yanzu bigan ce."

"Wane ne kuma Bigan? Aure ta yi ba mu sani ba?"

Ashe wani tsarin ci ne da wani Bature, Donald Watson, ya raɗa wa suna a 1944: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, kai har zuma, wai haƙƙin ƙudan zuma ne. Nan take na ga an kwashe min makamai. Amma wa zai yarda ƙanwar miji ta samu abin tsokana? Na rantse sai na yi mata abin da ko a Landan sai mai kuɗi.

Da na bincika, sai na faɗa kan turafil, wato curin cakulan na Faransawa. Asalinsa cakulan ne da kirim ɗin madara, a dunƙula, a birkiɗa cikin garin koko. Sun sa masa sunan wani naman kaza mai tsada da ke girma ƙarƙashin ƙasa, saboda kamarsu ɗaya, baƙi-baƙi kamar an tono shi daga gona. Na bigan kuwa madarar kwakwa ake sa wa, a cusa masa dabino a ciki tare da ɗan gishiri, domin gishiri na danne ɗacin koko ya fito da zaƙi. Na ce ashe ma kayan gidanmu ne.

Tuntuɓen farko a ƙofar gida na yi shi. Na aiki almajirina ya sayo garin koko, ya dawo min da ƙullin kamu yana murmushi. Ban ga laifinsa ba, kokon da ya sani ke nan. Dole na yafa mayafi na tafi babban kanti da kaina, na sayo garin, na sayo cakulan baƙi mai koko kashi 70 cikin ɗari, giram 400. Da aka faɗi kuɗin sai da na dafa kanta. Fiye da rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, ga namu na Ondo, amma sai ya je Turai ya dawo mana da girman kai.

Haɗin ciki bai ba ni wuya ba. Na jiƙa dabino goma sha biyar, na kirɓa da tunkuza, ya yi danƙo. An ce gishiri rabin ƙaramin cokali. Ni kuwa hannuna na miya ne, bai san awo ba. Da na ɗanɗana, sai da idona ya kawo ruwa. Na ƙara dabino don ya kashe gishiri, zaƙi ya yi yawa. Na ƙara gishiri, aka koma gidan jiya. Kafin su sasanta, abin da ya kamata ya tsaya a kofi ya cika kwanon sha.

Sai narka cakulan. Ba a ɗora shi kan wuta kai tsaye. Kwano ake azawa bisa tukunyar ruwan zafi, tururi ya narka shi a hankali. Ya narke sumul, yana sheƙi kamar goshin amarya. Farin ciki ya sa na ɗauko murfin tukunya na rufe. Gumin murfin ya ɗiga, ɗigo uku kacal. Ina kallo cakulan ya murtuke, ya cure, ya koma kamar tuwon dawan da ya kwana. Ashe ruwa kaɗan shi ne ajalinsa: sukarin ciki ne ke jiƙewa ya dunƙule. Na yi salati, na tuttula madarar kwakwa mai ɗumi ina juyawa kamar mai tuƙin tuwon biki. Ikon Allah, ya saki. Ruwa kaɗan cuta, ruwa da yawa magani.

Na sa a firij, ya daskare. Na riƙa ɗiba ina faɗaɗawa a tafin hannu, in sa dabino a tsakiya, in rufe, in mulmula, in birkiɗa a garin koko. Guda ashirin da huɗu, reras. Ina jera na ƙarshe aka ɗauke wuta.

A watan Afrilu ne fa, a Kano, zafi ya haura digiri 40, alhali man koko tun wajen digiri 34 yake sallamawa. Na tuna gindin randar Hajiya, surukata, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Na zuba su a samira, na lallaɓa sashenta na ajiye, ban gaya wa kowa ba don kada yara su ji. Kafin la'asar sun ɗan baje, sun yi faifai-faifai, baƙaƙe.

Da magariba Auta ta iso. Hajiya da kanta ta kaɗa wa autarta miyar kuka, ba nama, ba man shanu. Aka baje tabarma. Maigida ya kai lomar farko, ya tsaya, ya dubi rufin ɗaki kamar mai lissafin bashi. Auta ta kai tata, ta lumshe ido.

"Hajiya, me kika sa a miyar nan? Zaƙi-zaƙi, gishiri-gishiri!"

"Daddawar da matar yayanki ta ajiye min ce a gindin randa. Ta zamani ce, ba ta da wari ko kaɗan, shi ya sa na jefa guda shida."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maigida ya ƙware, aka bi shi da ruwa. Auta kuwa ta yi dariya har da hawaye, ta nemi ƙari, ta ce a Meziko ma da cakulan suke wata miya, kuma mutane na biyan kuɗi su sha.

Na ɗauko sauran goma sha takwas ɗin, muka sha da cokali, don sun wuce a ɗauka da hannu. Hajiya ta lasa, ta yamutsa fuska, ta dube ni da tausayi.

"'Yar nan, alkakinki ba na biyu. Amma daddawa, ki bar wa masu ita."