Sarkin Raken Rogo, Wa Ya Nuna Maka Jirgi?

Kai Sarkin Rake, labari ya iso Ƙaraye cewa kana tara yara a bakin tasha kana ba su tarihin jirgin ƙasa, har da kwaikwayon kukansa. Tsakaninka da Allah, taubashi, ba a waya ka ji shi ba?

Tun 1911 dogo ya taso daga Zariya ya shiga Kano, ya bi ta Ɗangora da Madobi, ko waiwayenku bai yi ba. Na Ƙauran Namoda, wanda ya isa can a 1929, shi kuma ya zagaya ta Funtuwa. Na Kano ta gabas, na Ƙaura ta yamma, Rogo na tsakiya ta yi tagumi. Bature gyaɗa da auduga yake nema, ba dogon surutu ba. Ga na Maraɗi da Buhari ya aza harsashinsa a 2021, ya miƙe arewa abinsa, Kazaure, Daura, Katsina. Sai a gaishe ka da jira.

Kada ka buɗe baki, na san abin da za ka ce: mu ma ba mu da tasha. Gaskiya ne. Amma mu muna da dam ɗin Challawa, in zafi ya dame mu mu hau kwalekwale. Muna da sarki, kuma da aka dawo da masarautar a 2024 har da Rogo a ƙarƙashinta. Sai ka rage murya in za ka wuce ƙofar fada.

Jirginka na gaskiya Sharon ce a tashar Kabuga. Ɗan kamasho na ta "saura mutum ɗaya" tun hantsi, kai kuma kana cikin "a rage mini ɗari biyu". Ƙarshenta a cusa ka gaba, ku biyu a kujera ɗaya, duk sanda direba zai sa giya sai ka ɗaga gwiwa kamar mai koyon rawa. But a buɗe an ɗaure da igiya, buhunan taki a ciki, akuya a samansu tana kallon inda aka baro. Kafin a iso garinmu ka cika wa mutane ƙafa da ɓawon rake, ko tayi babu. Da damina kuwa, in ka nufi Zarewa ko Fulatan a kan acaɓa, wando a naɗe, takalmi a hannu, ba mai cewa kai ne malamin jirgi.

To amma in ba ku, wa zai ba mu zaƙi? Manyan motocin da ke lodin rake da mazarƙwaila ta wajen Maƙarfi su suka riƙe yankin nan, kuma abin da suke roƙo hanya ce mai kyau. Nan kam bakinmu ɗaya.

In za ka Kano ranar Asabar, ka sauka a Ƙaraye da mazarƙwailata. Kuɗin mota kuma kada ka kalle ni.