Tabarmar Indiya da Tumbin Alhaji

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga a shekarar 2014, wannan motsa jiki na mutanen Indiya ya bi wayoyin hannu har ya sauka Talata Mafara. Yanzu sai ka ga Alhaji ya shimfiɗa tabarmar roba a tsakar gida bayan asuba, ya tanƙwashe ƙafa, ya lumshe ido kamar mai jiran a kira sunansa a rabon taki. Bayan minti ashirin ya miƙe yana nishi, ya ce a kawo waina da miyar taushe, a ƙara man shanu, ai yau an yi aiki. Burinsa tumbin da aka shekara goma ana ginawa ya narke kafin Babbar Sallah.

Sai dai lissafi ba ya jin kunyar Alhaji. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, yoga mai sanyi kuwa da ƙyar take ƙona 200 a awa guda. Ke nan sai an yi zaman kusan awa 40 kafin kilo ɗaya ya yi sallama, alhali malmala biyu ta tuwon shinkafa da tsiren dare sun maido da abin da aka ƙona a ranar da riba. Mai neman darasi ya leƙa fadamun da madatsar Bakolori ta Maradun ke shayarwa tun 1978. Manomin da ke dashen shinkafa a sunkuye daga hantsi zuwa azahar ya gama duk lanƙwasar da malaman Indiya ke koyarwa, bai sayi tabarma ba, kuma cikinsa a shafe yake. Haka matar da ke surfe a turmi a garin Bakura.

Masu kare yoga za su ce tana rage damuwa, tana gyara barci, tana koya wa mutum lura da abin da yake kaiwa baki. Gaskiya ne, amma wannan hujja tamu ce: amfaninta sai ya bi ta kwano. Wasu kuma za su ce ba kowa ke da gona ba. To, masallaci fa? Wanda ke hawa mota zuwa jam'in da ladaninsa ke tashinsa daga barci ba rashin gona ke damunsa ba.

Asalin ciwon yana cikin gaisuwarmu. Wanda ya yi ƙiba mu ce ya samu duniya, wanda ya rame mu tambaye shi ko lafiya. Shi ya sa a gida ɗaya amarya ke haɗiyar sha-ka-fashe don ta ciko, maigida na tsakar gida yana roƙon tumbi ya sauka. Tumbin kuwa ya san ba da gaske ake ba, tunda ana naɗe tabarma ake shimfiɗa ledar cin abinci.