'Yan Bita da 'Yan Gurup

Tun bayan ƙarancin abinci na 2005, da ƙungiyoyin agaji suka yi dafifi a jihar Maraɗi, bita ta zama damina ta biyu ga ma'aikatan Dakoro. Daga baya WhatsApp ya zo, kowace ma'aikata ta buɗe gurup nata, wai don a ƙaru da juna. An ƙaru kam, aƙalla da sanin halin mutane.

Akwai Sarkin Alawus. Idan aka ce masa akwai bita, ba ya tambayar a kan me. Tambayarsa biyu ce: kwana nawa, kuma a nan ne ko Maraɗi? Ya fi son Maraɗi, don tafiyar kilomita ɗari da wani abu tana da kuɗin mota. Kujerarsa kullum kusa da ƙofa take, inda takardar sa hannu ke fara yawo. Ya yi bitar tamowa, ya yi ta rigakafin dabbobi, ya yi ta dokar filayen karkara ta 1993, alhali aikinsa rubuta wasiƙu ne. Jakunkuna masu tambarin ƙungiyoyi sun cika ɗakinsa, har 'ya'yansa na zuwa lakkol da su. Ka ce ya ba ka labarin abin da aka koyar, sai ya ce naman kwana na biyu ya yi tauri.

A gurup kuma akwai Mai Murya. Ka tambaye shi yadda ake cike takardar rahoto, ya aiko maka saƙon minti tara, bakwai gaisuwa ce, da carar zakara a bayanta. Wanda ke Bermo kafin ya sauke shi, kuɗin wayarsa sun ƙare.

Mai Turawa kuwa bai taɓa karanta abin da ya tura ba: barka da Juma'a, maganin basir, sanarwar ɗaukar aiki ta bara.

Ɗan Ɓoye ya fi su illa. Shi ya iya kwamfuta, amma idan ka matso sai ya karkatar da ita, kada ka gane ka gaje shi.

Wanda ya san aikin, sau da yawa tsohon direba ne. Ya san rijiyar da ake rigima a kanta a kwarin Tarka, ya san wanda za a fara gaisarwa a Kornaka kafin a buɗe baki. Wayarsa mai maɓalli ce, ba ya cikin gurup, ba a taɓa sa sunansa a bita ba. Sabon ma'aikaci, in kana son aikinka ya tafi, sayi shayi da sukari ka same shi gindin bedi.