Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Shawarar da ake ba duk mai son fara sakin bidiyo a TikTok ko YouTube ba ta wuce guda ba: nemi fanninka, ka tsaya a kai, ka yi abin da da an hango za a ce ai wannan wane ne. Kusan kowa ya ji ta. Inda aka rabu shi ne wajen aiki da ita.

Akwai mai shiri. Shi wannan ya riga ya je kasuwar waya ta Farm Centre ya sayo fitilar nan mai zagaye, da ƙafar ɗora waya, da ɗan makirufo na maƙalawa a wuyan riga. Ya biya an zana masa tambari, zaki sanye da rawani. Suna kuwa sai da aka yi zaman majalisa a kansa, aka tsaya a kan wanda ya fara da Sarki ya ƙare da TV, aka liƙa masa Official don kada 'yan damfara su kwaikwaya. Bidiyo ɗaya ke shafin tun bara: shi ne tsaye cikin shadda, ya harɗe hannuwa, an rubuta "Muna nan tafe". Ana nan ana jira.

Kishiyarsa shi ne mai sauya sheƙa. Da azumi mai faɗakarwa ne, da sallah mai tallan yadi, daren da Barcelona ta sha kashi ya koma mai sharhin ƙwallo. A 2024, lokacin da manhajar Hamster Kombat ta sa dattawa da yara dangwalar fuskar waya har yatsa ya ƙage, shi ne masanin kirifto, yana rantsuwa cewa in ta fashe sai an sayi gida a Nasarawa GRA. Da aka yi rabon ladan dangwalar a watan Satumba, mutane da yawa suka tashi da abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba, sai ya goge bidiyoyin ya fara koyar da kiwon zuma. In ka tambaye shi fanninsa, zai ce maka shi na kowa ne. Gaskiya ya faɗa, don babu wanda ya san dalilin da ya sa yake bin sa.

Sai malamin samun kuɗi, wanda ya fi kowa sanin ƙa'ida. Ba ya kuskure a lissafi: YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Ya san lokacin da ya fi dacewa a saki bidiyo, ya san daƙiƙa ukun farko su ne ke riƙe mai kallo. Yana da aji a WhatsApp, shiga sai an biya. Abin da ba a tambaya a ajin shi ne yawan mabiyansa, domin shi kansa bai kai 1,000 ɗin ba. Ɗalibansa na gamawa kowa ya buɗe nasa ajin.

Mai raddi bai taɓa fara zance ba. Jira yake wani ya yi, ya yanko rabin maganar ya ɗora a saman kansa, ya yi gyaran murya ya ce, "To jama'a, kun dai ji da kunnenku." Ranar da gari ya yi lafiya ba shi da abin yi. Ɗan'uwansa na jini shi ne mai kanun tashin hankali: "Innalillahi! Kalli abin da ya faru da fitacciyar jarumar Kannywood", ga hotonta an zagaye da jan layi, ga wani yana kuka a gefe. Ka danna gabanka na faɗuwa, ka saurari sallama da roƙon a danna ƙararrawa na tsawon minti huɗu, a ƙarshe ka ji ashe aure ta yi. Su biyun nan suna wasa a bakin rijiya, ko da yake ba su kaɗai ba. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta sa aka tsala wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowanne saboda ba'ar da suka yi wa gwamnan lokacin, har da sharar kotu. Ga Hisbah, ga Hukumar Tace Fina-finai, kowa da littafinsa.

Masu zaman kai tsaye na tsakar dare fanninsu godiya ne. Babu labari, babu waƙa, babu darasi. "A taɓa allo, a taɓa allo! Alhaji na gode da fure, Allah ya ƙara buɗi, saura zaki." Furen nan kwabon TikTok ɗaya ne, zakin kuwa kusan 30,000, shi ya sa in ya bayyana ake tashi tsaye ana kabbara. Alhajin da ya turo shi, watakila mai shago na bin sa kuɗin taliya.

Uwargida mai girki ina tausaya mata. Hannunta kawai ake gani, da lalle da zobe, tana koyar da dambun shinkafa da zogale tsakani da Allah. A ƙasa kuwa mata ɗari na tambaya: "Anti, ina kika sayi tukunyar?" Wata ta ce man ya yi yawa, wata ta ce a Zinder ba haka ake yi ba, wani gardi ya shigo yana tambaya ko tana da aure. Bayan wata uku ta gane inda kasuwar take, ta daina girki ta koma sayar da tukwane.

Na ƙarshe bai taɓa jin shawarar ba, balle ya bi ta. Mai gyaran janareta ne a bakin titi. Wayarsa ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, ya jingina ta da galan, rabin fuskarsa ba ya fitowa, ga ƙarar adaidaita sahu na shiga maganar. Sai ya kwance kafireto, ya hura, ya nuna ƙaramin ramin da datti ya toshe ya ce, "Kun ga wannan? Shi ne ke sa ku ja igiya har kafaɗa ta yi ciwo. Ba sai kun kawo mini ba." Ba tambari, ba kiɗa, ba ya ma cewa a bi shi. Amma ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar zafin Afrilu, inji ya ƙi tashi, har mai shiri da malamin samun kuɗi shafinsa suke lalube. In akwai irinsa a unguwarku, don Allah wani yaro ya riƙe masa wayar, hannunsa duk baƙin mai ne.