Gayyar Kwamfutoci a Kubwa

Ɗan yayata ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Tun da ya ji labarin Philip Emeagwali, ɗan Najeriyar da ya samu kyautar Gordon Bell a 1989 da na'ura mai ƙwaƙwalwa 65,536, yaron nan ya daina barci. Ni kuwa ina da tsofaffin kwamfutoci jibge a shagona na Kubwa, ragowar kafen intanet ɗin da wayar hannu ta kashe wa kasuwa.

"Kawu, ai kan dukiya kake zaune," in ji shi. Ya ce a 1994 Thomas Sterling da Donald Becker sun haɗa kwamfutocin kasuwa 16 da waya a hukumar NASA ta Amurka, suka ɗora musu Linux, suka raɗa wa abin suna Beowulf. A 2010 ma sojojin saman ƙasar sun yi irin haka da PlayStation 3 guda 1,760. Wai gayya ce kawai: a yanka lissafi kunya-kunya, kowace na'ura ta kama tata, ɗaya ta tsaya tana rabo tana tattarawa.

Kuɗin wayoyin haɗa nawa kwamfutocin da aka sayo a kasuwar Banex, ba sai na faɗi aljihun da suka fito ba.

Ga zafin watan Maris, ga fankokin kwamfutocin na huci, shagon ya gagari zama. Da ya danna umarni sai aka ga abin mamaki: masu ƙarfin sun gama nasu nan take, suka yi zugum suna jiran wata tsohuwa da ke can lungu. Ka'idar lissafin ita ce ba mai shiga zagaye na gaba sai kowa ya kawo sakamako, ita kuwa Iya, kamar yadda muka sa mata suna, ba ta san sauri ba. Tana gab da kammalawa aka ɗauke wuta. Ɗan janaretana ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu, kuma gwanin namu bai ajiye ko layi ɗaya ba.

Cikin duhun nan ya buɗe kwamfutarsa ta cinya don ya huce takaici. Ita kaɗai ta gama lissafin kafin a kira la'asar.

Sai a sannan ya tuna da Gene Amdahl, wanda ya nuna tun 1967 cewa idan kashi ɗaya cikin goma na aiki ba ya rabuwa, ko na'ura dubu aka tara saurin ba zai wuce ninki goma ba. Da wannan darasin ya zo kafin zuwa Banex, da ya fi mini amfani.

Yanzu maganar sola yake yi mini. 'Yan jari-bola kuma sun zo sun taya a kan kilo, na ce albarka. Mai bukata ya zo mu daidaita, amma duk wanda zai saya, har da Iya zai kwasa.