Yadda Aka Naɗa Ni Sarkin Lasifika

Daga cikin muƙaman da ake rabawa a ikilisiya, tun daga na ma'aji har zuwa na mai buga ƙararrawa, babu wanda ya kai na mai kula da lasifika ƙarancin godiya, domin idan murya ta fita tangaram ba mahalukin da zai tuna da shi, amma ranar da na'ura ta yi tari ko sau ɗaya, jama'a kaf, har jariran da ke goye, za su waiwayo su zuba masa ido. Ni dai ban nemi muƙamin ba. Dattawan majami'armu ne suka zauna suka yi ƙiyasi cewa tun da na daɗe ina koyar da lissafi a firamare, kuma an taɓa ganina na kwance bayan rediyona na mayar ba ta mutu ba, lalle ilmin sauti ba zai gagare ni ba. Aka kira ni aka shaida mini, aka ɗora mini hannu aka yi addu'a, kafin in kawo uzuri har an shafa amin.

Majami'ar tamu doguwa ce, tsawonta ya kai mita 30, ginin bulo, daɓen siminti, rufin kwano ba silin, watau duk abin da sauti zai buga ya dawo an tanadar masa. Masana sun ce sauti yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, saboda haka kalmar da ta bar mumbari ta je ta daki bangon baya za ta komo wa mai ita bayan kusan sudusin daƙiƙa, daidai lokacin da ya kama kalma ta gaba, sai su haɗu su cakuɗe. Maganin wannan ba ƙarin ƙara ba ne, amma Ma'aji yana da nasa ijtihadin. Ya ɗebi kuɗin baiko na musamman ya tafi kasuwar Sabon Gari ta Kano, ya dawo da manyan lasifikoki huɗu, da amfilifaya, da mikisa, da makirufo biyu marasa waya, da ƙahon Ahuja guda da aka ba shi gyara. Kwamitin ado kuwa ya yanke hukuncin a rataye lasifikokin a bangon bayan mumbari, biyu dama da gicciye biyu hagu, don su yi kyan gani a hoto. Da na nuna shakka, aka tuna mini cewa murɗa maɓalli ne hurumina, rataya ta kwamiti ce, haɗa wayoyi kuma an riga an ba ɗan ƙanwar Ma'aji, wanda aka ce ya taɓa zama a Ikko.

Ranar da aka zaɓa don buɗe kayan ita ce Lahadin bikin godiya ta kaka, ranar da ake cika gaban bagade da dammunan dawa da gero, da doya, da kaji ɗaure, da akuya guda wadda wani manomi ya yi wa'adi. Zumuntar Mata sun sha anko, sun jera tulunansu na kiɗa, an kuma gayyato wani tsohon Rabaran mai daraja daga nesa don ya yi wa'azi.

Fasto ya hau mumbari, ya ɗauki makirufo ya dunƙule kansa cikin tafinsa, ya ƙwanƙwasa, ya hura, ya buɗe baki zai yi gaisuwa. Ba mu ji gaisuwar ba. Wata irin ƙara ce ta tashi, siririya da farko, sa'an nan ta kumbura ta cika ɗakin har kwanon rufi ya amsa, tsofaffi suka dafe kunnuwa, yara suka fashe da kuka, akuyar godiya ta tsinke igiya ta bi ta tsakanin mawaƙa ta nufi ƙofa, matasa uku na bin ta. Na yi maza na rage, ƙarar ta mutu, muryar Fasto ma ta mutu tare da ita. Na ƙara kaɗan, ta farfaɗo. Haka muka yi ta yi, ni da ita, har aka gama karatun farko.

A nan ne taimako ya fara zuwar mini, kuma ban taɓa sanin ikilisiyarmu tana da malaman sauti da yawa haka ba. Wani dattijo, wanda kunnensa ya yi nauyi tun ina saurayi amma ba mai iya gaya masa, ya aiko jikansa cewa ba a jin kome, a ƙara. Shugaban mawaƙa ya zo da kansa ya tura maɓallin molonsa sama, ya ce, “Malam, ka yi haƙuri, ba a jin mu.” Uwar Zumunta ta yafito ni da mafici, da na je ta ce, “Ɗana, tulunanmu fa? Ko mu ba mu ba da baiko ba?” Kafin in komo mazaunina wani yaro ya murɗe duk abin da ke murɗuwa, fitilun mikisa sun koma ja wur, kuma jan nan alama ce ta cewa sauti ya fi ƙarfin na'ura ya soma tsagewa, ko da yake Ma'aji, da ya leƙo, ya ɗauka shaida ce ta kayan suna aiki sosai.

Duk wannan somin taɓi ne. Da lokacin wa'azi ya yi, aka miƙa wa Baba Rabaran makirufo marar waya, wanda batirinsa ya daɗe a kunne tun gwajin asuba. Shi kuwa mutum ne mai nutsuwa, mai jan magana a hankali, ya yi ta gina mas'alarsa hawa hawa game da cutar zuciya da ke cin ɗan Adam a ɓoye, har ya kawo inda ya ɗaga hannu ya tambayi jama'a ko ina za a sami maganin wannan ciwo, ya yi shiru don tambayar ta ratsa. Cikin shirun nan sai lasifikoki huɗu suka amsa da wata murya mai kauri, wadda ba ta Rabaran ba ce, cewa magani yana nan, sahihi, na basir da shawara da ciwon baya, a jiƙa da ruwan ɗumi a sha safe da yamma, kuma wanda bai ga aiki ba ya dawo ya karɓi kuɗinsa.

Ashe mai maganin gargajiya ne ya tsayar da motarsa a bakin hanya jikin katangarmu, da nasa makirufo marar waya irin namu sak, mai zango ɗaya da ba a sauyawa. Kuma ɗabi'ar na'urar karɓa ce ta bi wanda ya fi ƙarfi, to, batirin Baba ya raunana, na mai magani sabo. Wata tsohuwa a layin gaba, wadda ta saba amsa kowace gaɓa ta wa'azi, ta ce amin da ƙarfi. Baba Rabaran ya dubi makirufon, ya dubi sama, sa'an nan ya dube ni. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, masu janareta suka tayar suka juya layi alhali amfilifaya tana kunne, aka ji gum, sai warin ƙonewa da ɗan hayaƙi. Baba ya ƙarasa wa'azinsa da muryar da Allah Ya ba shi. Rabin gaba suka amfana, rabin baya suka tambayi na gaba bayan an tashi.

Kashegari na ɗauki gawar amfilifaya a bayan babur na kai wa wani malami mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, wanda shi ke kula da lasifikar masallacin Juma'a na garinmu, mutum mai karatu, wanda ba ya ba da amsa sai ya ji mas'ala daga tushe. Ya buɗe, ya sunsuna, ya tambayi yadda aka yi haɗin. Da ya ji cewa ɗan Ikko ya tara wayoyin lasifika huɗu ya murɗe su a baki ɗaya, sai ya yi salati ya ce, “Malam, ai kai ne mai lissafi. Kowace lasifika om 8 ce. Biyu a haɗe su koma 4, huɗu su koma 2, ita kuwa wannan an rubuta a bayanta ba ta ɗaukar ƙasa da 4. Baki biyu gare ta, kowane a ba shi biyu. Ko ba a ɗauke wuta ba, ajalinta ya riga ya zo.”

Daga nan ya shiga ba ni fatawa, yana aiki yana magana. Ƙarar nan, in ji shi, ba aljani ba ne: makirufo ne ke jin abin da lasifika ta faɗa, ya mayar mata, ta sake faɗa da ƙarfi, ya sake ji, har abin ya zama kururuwa, don haka farilla ce lasifika ta kasance gaba da mai magana, ta ba shi baya ta fuskanci jama'a, a ɗaga ta sama da kawuna a ɗan sunkuyar da ita, domin jikin mutane yana shan sauti, bango kuwa tofo shi yake yi. Dunƙule kan makirufo makaruhi ne mai kusa da haram, saboda ramukan da ke bayan kan su ne ke sa ya ƙi jin abin da ke bayansa, in an toshe su sai ya ji ko'ina. A riƙe shi a gindi, tazarar yatsu biyu ko uku daga baki, kada a sauke shi ciki sa'an nan a zargi mai na'ura. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, haka nan kafin a juya zuwa janareta, kuma a sa mata sitabilaiza. Mumbari kuwa a ba shi makirufo mai waya, irin Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966, in an dace da na ainihi, gama jabunsa sun cika kasuwa. Game da dattijon nan mai nauyin kunne ya yi murmushi ya ce su ma suna da irinsa a sahun gaba. A matsar da shi kusa da lasifika, kada a kurmantar da jama'a dominsa, tun da likitoci sun ce daɗewa cikin ƙarar da ta haura desibel 85 yana cin kunne a hankali.

Na kai wa dattawa wannan bayani ban ɓoye inda na samo shi ba, aka yi muhawara mai tsawo, mafi yawanta a kan hoto. Daga bisani aka sauko da lasifikokin aka kawo su gaba, aka fitar da ƙahon waje don masu zama ƙarƙashin rumfa, mata suka ɗinka labule mai kauri aka rataya a bangon baya, zancen silin aka ɗage shi sai wata kaka. Tulunan Zumunta ba a sa musu makirufo ba, don ba su taɓa bukata ba, amma na ajiye musu guda a gabansu wanda ba a haɗa da kome ba, kuma Uwar Zumunta ta yaba da yadda kiɗansu ya gyaru. Kafinta ya yi wa mikisa akwati da kwaɗo. Ran Asabar da yamma nakan sa yaro ya yi karatu a mumbari, ni kuma in je bencin ƙarshe in zauna, in na rarrabe kowace kalma to ya isa, ko da Ma'aji yana ganin an yi asarar sauran ƙarfin da ya saya.

Kuɗin gyaran amfilifaya daga aljihuna ya fita, kuma takardar neman a mayar mini tana gaban kwamitin kuɗi har yanzu. Mai magani kuwa ya mai da bakin katangarmu matsayarsa ta kowace Lahadi, gama ya ce bai taɓa yin ciniki irin na ran nan ba.