Masu Zuwa Hayar Hol

A Paki, har kwanan baya, wanda zai tara jama'a ba ya neman izinin kowa sai na maƙwabta. A share ƙofar gida, a yayyafa ruwa, a baza tabarmi. In taron ya fi ƙarfin ƙofar gida, a kafa rumfa a filin firamare. Yanzu kuwa hol ake yayi. Yarinya ta ga dinar ƙawarta a waya, ta ce ita ma ba za a yi kamunta a tsakar gida ba, shi ke nan an tashi ɗan aike zuwa Ikara ko Makarfi, in aljihu da nauyi a zarce Zariya ko Kaduna. Da yake manyan wuraren biki sun fi ƙarfin talaka, sau da yawa a ɗakin taron wata ƙungiyar ma'aikata ake ƙarewa.

Irin waɗannan ɗakuna ba don shagali aka yi su ba. Da ɗan abin da ake cira daga albashi duk wata aka ɗora bulo, don a samu inda za a zauna a yanke shawarar yajin aiki. Ƙungiyar malamai ta NUT tun 1931 take. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC a 1978 aka kafa ta, shekarar da aka haɗa ma'aikatan masaƙu a ƙungiya guda mai hedikwata a Kaduna, wadda Adams Oshiomhole ya daɗe yana babban sakatarenta. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta tsaya a 2002, wasu suka bi bayanta. Duk inda membobi suka ragu kuɗin wata ya ragu, kwanon rufi kuwa ba ruwansa, damina na sauka zai nemi gyara. Dole a ba da haya. Mai makulli, wanda galibi dattijo ne mai tsohuwar rajista da biro ɗaure da zare, daga sallamar mutum yake gane irinsa.

Akwai Ɗan Gida. Shi ba ya taya kuɗi, nasaba yake karantowa. "Baba, ai ni ba baƙo ba ne. Ƙanen kakana ya yi aikin masaƙa, matata kuma ta taɓa koyarwa a Islamiyya." In an faɗa masa kuɗi sai ya dafe ƙirji, ya yi salati, ya juya kamar zai tafi, ya dawo, sak dillalin rake a kasuwar Makarfi. Ba ya barin wurin sai an rage masa, ko da abin da aka rage bai kai kuɗin acaɓar da ta kawo shi ba.

Wanda mai makulli ya fi tsoro shi ne Mutum Talatin Kacal. Wannan da murya ƙasa-ƙasa yake zuwa. "Ɗan zama ne na 'yan uwa, Malam, ba mu fi talatin ba, kafin la'asar mun tashi." Ranar taro azahar na yi motar farko za ta sauke mata daga Hunkuyi, ta biyu daga Kudan, ta uku ba wanda ya san daga inda take. Kowace mace da goyo, da mai bin ta a ƙasa, da 'yar maƙwabta da aka taho da ita don riƙon jaka. Can sai ga mai kiɗa da lasifika huɗu a amalanke. In aka tsare mutumin, ba ya musu. Yatsa zai miƙa wajen maza ya ce a ƙirga, talatin ne cif. Mata da yara ai ba shi ya gayyato su ba, uwargida ce.

Hajiya Mai Kwalliya tun jajibere take kama wuri. Ba ta ganin bango, wurin buga ƙusa take gani. Hotunan tsofaffin shugabannin ƙungiya, masu tabarau da ɗaure fuska, waɗanda suka sha barkonon tsohuwa a zamanin soja, duk sai ta lulluɓe su da labule ruwan hoda, ta liƙa balan-balan a goshin sakatare. In an yi magana ta ce, "Haba Baba, amarya ta fito a hoto da waɗannan a bayanta? Sai ka ce kotu."

'Yan ƙungiyar ci gaban gari kuwa washegarin Sallah ne lokacinsu, sa'ad da 'yan birni suka dawo gida da sababbin shaddodi. An rubuta ƙarfe goma, sha biyu ana jiran shugaba, ɗaya saura ana gardamar wanda zai zauna a babban tebur. Tebur na mutum shida, masu ganin sun cancanta sha huɗu. Mai gabatarwa zai kira kowa da muƙaminsa, har da na wanda ya yi kansila na riƙo wata uku. Kuskure ɗaya, sai mutum ya naɗe babbar riga ya nufi ƙofa a bi shi da ban baki. Ana zuwa batun gyaran kwalbati, wanda dominsa aka taru, ladan ya kira la'asar. Sai a naɗa kwamiti, a ɗage sai baɗi. Amma fa a yi musu adalci: suna biya, ko da sai an zagaya da hula.

Yaron Oranabul ba ya biya. Lambar waya yake bari. "Oga zai turo da yamma." Kafin yamma ya manne fasta har a ƙofar ban ɗaki da kunun sitaci. A kakar zaɓen 2023 irinsa sun yi yawa, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun shekarar suka ƙaro sabon salo: a tsakiyar jawabi janareta ya mutu, a shiga kallon-kallo kan wanda ya yi alkawarin man.

Masu taron bita su ne abin son kowa, don da rasidi suke aiki, da abinci a roba. Sai dai suna jawo Ɗan Sa-hannu. Shi ba ya hayar komai, amma ba a buɗe hol bai sani ba. Litinin manomin tumatir ne, Laraba wakilin matasa ne duk da furfura, Alhamis ya zo a madadin matarsa taron ungozoma. Yana zama kusa da fanka, ya yi barcinsa, ana fito da takardar kuɗin mota ya farka garau. Sa hannu iri uku gare shi.

Sai Kwamared. Ya yi ritaya tun tuni, yana jiran fansho, kullum yana kan benci a baranda da tsohuwar hular ƙungiya. Ba wanda ya ba shi aiki, amma shi ke ƙirga kujeru kafin taro da bayan taro. Duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya ji labarin yajin aikin Janairun 2012, da yadda aka rufe ƙasa kan kuɗin mai, da kujerar da ya tsaya a kai ya yi jawabi. Yana jin haushin masu biki ƙwarai. Ya ce ɗakin gwagwarmaya ya koma gidan rawa. Da haushin nasa ake miƙo masa robar shinkafa, ya karɓa, ya buɗe ya duba, ya aika yaro ya gaya wa Hajiya ba a sa nama ba.